Ƙarar da Ke Cikin Taguwa

Asabar, da hantsi

Bismillahi. Modu ne ya sa ni wannan aikin. Ya ce, "Shofer, tunda ka yi allo, duk sanda ta yi ƙarar ka rubuta. Da safe ne ko da rana, da zafi ko da sanyi, da kaya ko wayam. A haka za mu kama ɓarawon." Modu tsohon soja ne, Babarbare, can wajen Nasara ya koyi taɓa inji, kuma in ka cire garajin bariki duk Damagaram ba mai kayan kwance mota sai shi. To ga ni ina rubutawa.

Ni ne Ɗan Azumi mai tuƙa Taguwa, motar kayan Alhaji Mustafa na Zango. Raƙumansa ya sayar ya kawo ta daga Kano, shi ya sa aka laƙa mata sunan. Lafiyarta ƙalau har makon nan, sai ta tsiro da sabon hali: ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga tasa da cokali. In na taka isansi, wato na ƙara mata mai, ƙarar ta yi sauri, in na ɗaga ƙafa ta lafa. Jiya a ƙofar Birni wani tsoho ya tare ni ya ce don Allah in sauke makaɗin, ana karatu a zaurensu.

Gida shiru. Mutuniyar ta tafi Hamdara goyon ciki tun makon jiya. Ƙanenta Nomau ne ya zo da jaki ya tafi da ita, don ta rantse ba ta shiga mota. Ba ta ƙaunar Taguwa ko kaɗan, tun ranar da muka kife a kwarin Tirmini aka dawo da ni kai a naɗe. Amma ranar tafiyar na fito da sassafe na same ta durƙushe gaban motar, da wannan cikin nata, wai kazar Inna take nema. Na ce ai ga kazar can bisa danga. Ta miƙe da ƙyar tana goge hannu a zane, ta ce to ashe.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Ba shi Modu ya ce in rubuta ba.

Asabar, bayan la'asar

Na kai ta ƙofar Modu tana ta kiɗanta. Ya ɗaga kapo, murfin gaba ke nan, ya zura kai wajen injin, sai tsit. Wallahi tsit, kamar ba ita ba. Ya dube ni, na dube shi. Ya rufe kapon, ƙas-ƙas-ƙas. Ya buɗe, shiru. Ya rufe, ta ɗauka. Muka yi ta yi har masu wucewa suka tsaya kallo.

Modu ya ce, "Wannan ƴar mutunci ce, ba ta magana ana kallonta."

Na ce to mun zama biyu.

Lahadi, da azahar

Yau Modu ya ce buji ne, masu ba inji wuta. Ya kwance su duka, ya wanke da isansi, ya hura, ya goge a gefen riga, har ɗaya ya yi wa magana da Barbarci. Na juya manibal, ƙarfen tayar da mota, ta tashi lafiya, ba ƙas ba ƙus. Muka tafa. Modu ya aika aka kawo fura, ya fara ba ni labarin yadda ya taɓa tayar da motar wani kaftin da igiyar wando. Bai kai ƙarshen labarin ba injin ya yi zafi, ta soma.

Abin da na gane yau: da sanyi ba ta yi, sai ta yi zafi. Abin da na ƙara ganewa: labarin igiyar wandon ƙarya ne.

Inna ta yi miyar kuka. Ba laifi. Hannun Inna Hajjo ai ba a raina shi, a kansa na girma. Daddawar ce dai ba irin yadda aka saba sa mini ba. Ba laifi.

Litinin, da safe

Ƙas-ƙas-ƙas. Ba wanda ya zo daga gabas, wajen Hamdara.

Talata, bayan la'asar

Alhaji ya kira ni zaure. Gyaɗar da ya saya a Hamdara tana can jibge, ana jiran a ɗauko.

Ya ce, "Ɗan Azumi, daga Mirriya zuwa Hamdara rairayi ne. Ba na sa Taguwa cikinsa tana wannan kukan. In ta mutu a daji wa zai goyo ta, kai? In Juma'ar sama ta wuce ba ta yi shiru ba, raƙuman Buzaye za su je, kai ka ci gaba da kai fatu majema."

Na ce, "Allah ya ja kwana, Alhaji, za ta yi shiru."

Shi gyaɗa yake gani. Ni ba gyaɗar ce a raina ba. Namiji ba ya ɗaukar ƙafa ya bi matarsa gidan surukai tana goyon ciki. In na je haka kawai, mahaifinta zai rasa inda zai sa ido, ni ma haka, matan garin kuwa sun samu waƙar daka har baɗi. Amma in aikin Alhaji ne ya kai ni, wa zai ce uffan? In tsaya ƙarƙashin tsamiyar kasuwa, in matsa ƙaho, ta ji daga cikin gida ta san na zo. Ba na neman abin da ya wuce haka.

Bara ina Kano da motar nan abin ya faru. Da na dawo an riga an binne, ba a ko raɗa suna ba. Bana ina so in kasance kusa. Tsoro nake ji. Shi ke nan, na faɗa, ba na ƙarawa.

Laraba, da yamma

Duk Damagaram ta zama makanise. Mai nama ya ce ƙusa ce ta kwance. Tsohuwa mai dawo ta bakin Zango ta ce gyare ne ya shiga, in sheƙa masa ruwan zafi. Ladan ya ce aljani ne, in ba aljani ba me zai yi shiru don mutum ya leƙa?

Alhaji ya fi kowa yi wa ladan dariya. Da la'asar sai ga shi da kasko da garwashi da turare, wai ba don komai ba. Na ce, "Allah ya ja kwana, kusa da isansi?" Tabɗi! Ban san Alhaji na da gudu haka ba, takalminsa ɗaya sai da aka bi shi da shi. Daga baya muka yi hayaƙin daga nesa. Aljanin ko tari bai yi ba.

Alhamis, bayan azahar

Ranar kasuwa, Nomau ya zo. Na hango jakinsa tun daga rumfar masu gishiri, na yi kamar hanya ce ta biyo da ni.

Ya ce, "A'a, mijin Yaya! An ce motarka ta koyi kalangu."

Na ce masa ya hatsi. Ya ce hatsi ya yi. Na ce ya wake. Ya ce wake ma. Na ce ya ƙafar Baba, ya rijiyar gari, ya kofaton jaki. Ja'irin yana amsawa ɗaya-ɗaya yana tauna goro, magidanci da gemunsa amma ba ya jin kunyar Allah.

Ya ce, "Ba sauran tambaya?"

Na ce babu.

"To ni ma ba sauran labari." Ya miƙe ya kama hanya.

Na riƙe igiyar jakin. Ya yi dariya har goron ya sarƙe shi. Sannan ya ce, "Tana lafiya. Ƙafa ta kumbura, amma tuwo take ci kamar mai huɗa. Ta ce in tambaya ko Taguwa lafiya."

Na ce, "Taguwa?"

"Haka ta ce. Kai ba ta ambace ka ba."

Na ce ya gaya mata lafiya lau. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Hankalina ya ɗan kwanta, kuma ai tana da layar. Tun cikin yana ƙarami na je wajen Malam Idirisu ya rubuta mata ta sauka lafiya. Na kai wa Ali baduku ya ɗinke ta da jar fata da koren zare, ya sa mata ɗan zoben tagulla a baki. Ta daɗe a aljihuna na rasa ta inda zan miƙa. Ƙarshe Inna na ba, ta ɗaura mata a ƙugu kamar daga ita ne. Har yau mutuniyar kyautar Inna take tsammani, kuma ya fi mini haka.

Juma'a, bayan masallaci

Liman na huɗuba ina jin ƙas-ƙas-ƙas a kunnena, alhali motar tana Zango a kashe. Na yi addu'a mai tsawo. Ba ta mota ba ce.

Litinin, bayan la'asar

Alhaji ya yi magana da wani mai magana da wani, aka yarda mu shiga garajin bariki. Nasaran wurin sarjan ne, Mai Lofe muke ce masa. Tun muna shiga ƙofa ya karkata kai, ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Supaf!"

Modu ya fassara mini da Faransancinsa na soja. Wai wasu ƴan ƙofofi ne da inji ke numfashi da su, in sun yi sako-sako sai su yi ta ƙas-ƙas. Na ji maganar ta shiga, don ta fi ta gyare. Mushe Mai Lofe ya tuɓe riga ya shiga aiki tun hantsi har azahar ta gota. Gaskiya hannunsa na da kyau, ban taɓa jin injin ya yi laushi haka ba. Aka tayar, kapo a buɗe, ta yi zafi, shiru. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Wala!" Na so in ce masa a buɗe ai dama ba ta yi, Modu ya taka mini ƙafa.

Aka rufe, muka yi godiya, na ja. Ko gardin ƙofa ba mu wuce ba ta ɗauka, har ta fi da. Na waiwaya na ga Mushe ya cire hula yana sosa ƙeya, can ya fashe da dariya ya ɗaga murya ya faɗi wata magana. Na ce Modu me ya ce? Ya ce ba ta rubutuwa a takardar da aka fara da Bismillahi.

Talata, da yamma

Mun je Tirmini ɗauko hatsi, tunda hanyar yamma ba ta da rairayi sosai kuma Alhaji ya yarda. Modu ya zo da sabuwar dabara. Ya hau gefen motar ya zauna bisa murfin taya, ya dasa sanda a jikin kapo, ya manna ɗaya bakin a kunne, ya ce in ja a hankali. Haka muka ratsa gari, shi a maƙale kamar buhun da aka manta ba a ɗaure ba. Mata masu dawowa daga rijiya suka ajiye tuluna suna taka rawa da kiɗan Taguwa. Ni ma na sami kaina ina kaɗa kai, don in gaskiya za a bi kiɗan ba shi da laifi.

A wani gargada Modu ya wuntsila cikin ƙasa. Ya tashi yana kakkaɓe gemu, sandar na hannunsa, ya ce, "Gaba ne! Gaba, ƙasa-ƙasa!"

Da ta huce na shiga ƙarƙashinta na duba gaban kaf. Ba komai sai baƙin mai da ƙasa da suka dunƙule a jikin ƙarfe.

Mun wuce kwarin da muka kife. Na tuna yadda aka zauna a kaina yini guda da tsumma da ruwa, ba a ce mini ci kanka ba, sai da na iya tashi zaune sannan aka fara faɗa. Faɗan ya fi ciwon daɗewa.

Laraba, da azahar

Ban ci tuwo ba. Inna ta ce motar ce? Na ce motar ce.

Alhamis, da la'asar

Nomau bai zo kasuwa ba.

Na zagaya rumfar masu gishiri har mai gishirin ya ce in saya ko in ba shi wuri. Na sami wasu masu jakai ƴan Hamdara, na tambaye su hatsi, na tambaye su wake. Ɗayansu dattijo ne, ya dube ni ya ce, "Nomau yana gida. Tun jiya mata ke shiga da fita gidan nasu." Na ce to madalla, dama igiyar jaki zan ba shi. Ban san wace igiya ba.

Na gaya wa Inna. Ta ɗauki carbi ta shiga ɗaki.

Alhamis, gab da magariba

Gobe Juma'a. Buzayen sun riga sun durƙusar da raƙuma a bayan gidan Alhaji.

Juma'a, kafin masallaci

Sauri nake, in rubutun ya karkace a yi haƙuri.

Da sassafe Modu ya zo, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Shofer, faɗa mini abin da muka sani." Na ce sai da zafi, sai kapo a rufe, kuma gaba ne ƙasa-ƙasa. Ya ce, "To in ba ta magana ana kallonta ta sama, a leƙa ta ta ƙasa tana cikin maganar. Da ka shiga rannan ai a kashe take." Na ce fanka na juyawa a wurin, in ta kama hanci fa? Ya ce hancina ya yi yawa dama.

Muka tayar, muka bar ta ta yi zafi, muka danne tayoyi da duwatsu. Ta soma kiɗanta. Na kwanta rigingine na ja jiki na shiga, zafi na dukan fuskata, ƙarar kamar a cikin haƙorana.

Sai na gan shi. Wani ɗan baƙin dunƙule a bayan tukunyar ruwa, wanda rannan na ɗauka mai ne da ƙasa. Rataye yake da igiyar fata. Igiyar ta sha mai, in ta ji zafi sai ta saki, iskar fanka ta tsotso shi sama, fukafukan su yi ta dukan wani ɗan ƙarfe a bakinsa. In an ɗaga kapo iskar ta samu wata hanya, ya koma ya lafe. Abin da ya hana Damagaram barci ke nan, bai kai kan ɗan yatsa biyu ba.

Na yi ihu Modu ya kashe. Na yanke shi na fito ina dariya, Modu na dariya, yana cewa a kira ladan ya zo ya ga aljaninsa. Na tsoma shi a gwangwanin isansi na murza.

Baƙin ya fita. Jar fata. Koren zare. Zoben tagulla, duk fanka ta cinye gefensa.

Na daina dariya. Kazar Inna. Ashe ba kaza take nema ba. Ta kwance abin da aka yi don ita, ta durƙusa da wannan cikin ta ɗaura wa ƙarfen da take tsoro zai kashe ni, ta hau jaki ta tafi haihuwa ƙugu wayam. Ni kuma ina nan ina zaginsa mako da mako.

Na kai wa Inna. Ta juya ta a hannu, ta ce, "La'ilaha illallahu. Yarinyar nan!" Ta zauna daɓas a ƙasa. Can ta miƙe ta jawo mayafi.

"Kai, tayar da ƙarfen nan."

Na ce, "Inna, ke ma fa kin rantse ba kya shiga."

"Zan yi kaffara. Tayar."

"Mutanen Hamdara za su ce..."

"Su ce. Ni zan je ganin ƴata, kai ɗan tuƙi ne."

Alhaji ya fito ya zagaya Taguwa tana aiki, kapo a rufe, zafi zau, shiru kamar masallaci. Ya ce mene ne? Modu ya ce, "Abin gida ne, Alhaji." Alhaji ya dubi abin da ke hannun Inna, ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya ce a sallami Buzayen da haƙuri. Ya ce in an sauko masallaci mu kama hanya, kuma gyaɗa ba ta gudu, in mun kwana can ba laifi. Ya cusa wa Inna ƙullin goro.

Ana kiran salla. Ya Allah.

Asabar, da hantsi, Hamdara

A ƙarƙashin tsamiya nake rubutu, ana loda gyaɗa, Modu na yi wa masu lodin tsawa da Faransanci don a san ya je soja.

Jiya Inna ta shiga gaba ta zauna tsakanina da Modu, hannu ɗaya a wuyan rigarsa, ɗaya riƙe da layar. Tun daga Zango take salati. Na tafi a hankali saboda ita. Muna fita gari ta buɗe ido ta ce, "Iyakar gudun ke nan? To ai gara jaki." Na taka. Taguwa ta ratsa rairayin nan ba ta ko yi tari ba, ni kuwa ban taɓa jin shiru mai nauyi irin nata ba. Na riƙe bolan, abin juya motar, da hannu biyu ina ta lissafin abin da bai kamata in lissafa ba.

Mun wuce lambunan Mirriya kaɗan sai ga mai jaki yana tahowa. Nomau. Na taka birki har Modu ya sumbaci gilashi. Na sauka. Na dubi fuskarsa ban karanta komai ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ya hatsi?"

Ya gyara zama bisa jakin, ya ce, "To, hatsi dai..."

Inna ta leƙo ta taga. "Kai Nomau, ka ci gidanku! Ta sauka?"

Ya diro ya durƙusa. "Ta sauka, Inna, yau da asuba. Mace. Ta sha wuya tun Laraba, amma lafiya lau, ita da ita. Ni ma albishir ɗin zan kai muku."

Ban san na zauna a tsakiyar hanya ba sai da na ji ƙaya. Modu na ta buga kapo yana cewa barka, barka, Inna na guɗa a cikin mota, jakin ya tsorata ya yi daji. Ni dai na rufe fuska da hula. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar rubutawa.

Da muka iso na tsaya nan ƙarƙashin tsamiya na matsa ƙaho. Na ce sau ɗaya zan matsa. Modu ya ce sai da ya janye mini hannu.

Inna ta shiga gidan da layar. Ni na zauna ina duba tayoyi, waɗanda ba abin da ya same su. Baba, mahaifinta, ya aiko da fura da tabarma, ya ce a gaya wa direban Alhaji zaure na nan in zai kwana. Direban Alhaji ya gode.

Kafin magariba Inna ta fito, da ƙunshin zane a kafaɗa. Ta ce in zo in ga abin da ba ruwana da shi. Na leƙa sau ɗaya saboda kunya. Sannan na sake leƙawa. Hancin nawa ne, Allah sarki, Modu ya ce a yi mata addu'a.

Sai Inna ta miƙo mini layar.

Na ce, "Inna, ai tata ce."

"Ta ce wa ya ce a cire? Ta ce ita tana da uwarta, da ungozoma, da mata cike da ɗaki. Shi wa yake da shi a daji, Modu?"

Modu ya ce, "A'a, ni me na yi?"

"Ta ce kuma da ta ji ƙaho ta san an taho duk hanyar nan ba komai a jikin motar, sai da gabanta ya faɗi. A mayar yanzu-yanzu, kafin a juya."

Na karɓa. Inna ta juya za ta koma, ta tsaya. "Na gaya mata ba ni na yi layar ba."

"Haba Inna!"

"Ta ce ta sani tun ranar. Wai da na ɗaura mata warin isansi take yi."

Asabar, bayan la'asar, gida

Mun dawo lafiya, gyaɗa na rumbun Alhaji. Inna ta biyo mu don shirin suna, kuma yanzu cewa take duk wanda ke hawa jaki bai san daɗin duniya ba.

Ban mayar da layar wajen fanka ba. A wuyan bolan na ɗaura ta, inda gwiwata ke taɓa ta. Muna shiga gargadar Mirriya zoben ya fara taɓa ƙarfe, a hankali, ƙas, ƙas, ƙas. Modu ya dafe kai ya ce wayyo, ya jawo tsumma zai naɗe shi.

Na ce, "Bar ta, Rabi ce ke magana."

Sunan ya fita kafin in kama shi, a gaban Modu, a gaban Inna. Modu ya mayar da tsumman aljihu. Inna ta juya tana kallon gonaki, wai bana karan dawa ya yi tsawo.

Modu ya ce an kama ɓarawo, in daina ɓata takarda. Sauran wuri kaɗan ne dama. Tunda ya riga ya fita a baki, bari ya shiga nan ma.

Rabi.